Yadda ake jiran lokacin Allah ba tare da naɗe hannu ba

Mutum yakan yanka wa kansa lokaci tun abu bai zo ba. Kafin in kai shekara kaza zan yi aure, da na gama karatu aiki zai samu, shekara guda da aure za mu ga haihuwa. Shi ya sa wannan rana da bakinsa, babu wanda ya yi masa alkawarinta. Amma idan ta zo ta wuce hannu rabbana, sai zuciya ta fara raya masa kamar Allah ne ya saɓa masa. Daga nan yawancin karayar masu jira take farawa.

Ko sahabbai sun ɗanɗani wannan. A watan Zulƙida na shekara ta 6 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya fita daga Madina da mutum wajen 1,400 da niyyar umara, bayan ya yi mafarkin suna shiga Masallacin Harami cikin aminci. Ƙuraishawa suka tare su a Hudaibiyya. Aka yi sulhu a kan su koma a wannan shekara, su dawo baɗi su yi kwana uku, a kuma ajiye makamai shekara 10. Abin ya yi wa Umar ɗan Haɗɗabi (RA) nauyi har ya tambaya: ashe ba ka ce mana za mu je Ɗakin Ka'aba mu yi ɗawafi ba? Annabi (SAW) ya ce haka ne, amma na ce maka bana? Umar ya ce a'a. Ya ce to za ka je, kuma za ka yi ɗawafi. Sun yi umarar a shekara ta 7, a shekara ta 8 kuma suka shiga Makka da mutum 10,000. Alkawarin yana nan yadda yake, "bana" ɗin ce tasu.

Don haka aikin mai jira shi ne ya gane abin da yake nasa ya riƙe shi da ƙarfi, ya gane abin da ba nasa ba ya sake shi. Ga yadda ake yin haka a aikace.

Sa'ar da labarin ya iso

Annabi (SAW) ya ce haƙuri yana wurin bugun farko. Lokacin da aka buɗe sakamakon jarrabawa, ko aka ce an fasa auren, ko likita ya faɗi abin da ba a so ji ba, a nan ake yin ɓarnar da ake daɗewa ana gyara ta. Fara da harshe, domin shi ke riga hankali fita. Ka ce: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha. Wato Allah ka ba ni lada a kan abin da ya same ni, ka musanya mini da wanda ya fi shi. Ummu Salama (RA) ta faɗi wannan da mijinta Abu Salama ya rasu, tana ganin babu wanda zai fi shi, sai ga shi Annabi (SAW) ya aure ta. Wannan addu'a ba ta mutuwa ce kaɗai ba, duk abin da ya kuɓuce maka ya shiga ciki.

Kuka ba ya ɓata haƙuri. Da ɗansa Ibrahim ya rasu, Annabi (SAW) ya zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Abin tsoro shi ne maganar da ke tuhumar Allah, da kuma hukuncin da ba a iya janye shi. Kada ka saki mata, kada ka ajiye aiki, kada ka sayar da kadara, kada ka aika saƙo mai zafi ko ka zazzage cikinka a Facebook a ranar. Ka ba kanka kamar kwana uku, ko har barci da cin abinci su dawo daidai. Wannan ba hukuncin shari'a ba ne, shawara ce kawai, domin mai fushi da mai firgici abin da ke gaban hancinsu kaɗai suke gani. Idan fushi ya taso kana tsaye ka zauna, in bai tafi ba ka kishingiɗa.

Sai kuma "da ma na yi kaza". Hadisi ya ce wannan kalma tana buɗe aikin Shaiɗan, aka kuma ba mu madadinta: Ƙaddarallahu wa ma sha'a fa'ala, wato Allah ne ya ƙaddara, kuma abin da ya so shi ya aikata. Ba a hana mutum bitar kuskurensa ba. Ga yadda za ka bambance su: in tunanin ya ƙare da wani abu da za ka iya yi gobe, bita ce, ci gaba da ita. In ya ƙare da zargin kai kawai, kuma jiya ma ka bi wannan hanyar, to ka katse shi ka tashi ka yi wani abu.

Ɗauki takarda ka raba abin gida uku

Bayan ƙura ta lafa, rubuta abin da kake jira a saman takarda, ka ja layi biyu. Gida na farko: abin da ke hannuna. Na biyu: abin da ke hannun wasu mutane. Na uku: abin da ba ya hannun kowa sai Allah. A na farko aiki ake yi. A na biyu ana tuntuɓa, ana tunatarwa, ana bin hanyar da ta dace. A na uku addu'a ce da miƙa wuya. Rubutawa tana da muhimmanci, domin a cikin kai duk ukun cakuɗewa suke yi su zama damuwa guda mai nauyi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki abin gida na farko a jefa shi gida na uku, a ce "lokaci ne bai yi ba". Wanda ya faɗi jarrabawa sau biyu a darasi ɗaya yana buƙatar ya canza yadda yake karanta wannan darasin, ya nemi wanda zai koya masa, ya gwada kansa da tambayoyin baya yana duba agogo. Wanda ya aika takardar neman aiki wurare da yawa ba a taɓa kiran sa ba, ya duba takardar da irin aikin da yake nema, ya ba wanda ya san harkar ya karanta. In ana kiran sa ganawa amma ba a ɗaukar sa, gyaran yana wurin yadda yake amsa tambaya. Wanda aure ya yi wa jinkiri ya sake duba sharuɗɗan da ya gindaya, wanne ne na addini da hali, wanne ne na burge mutane, ya kuma sanar da amintattu cewa yana nema. Babu abin kunya a nan. Da Hafsa (RA) ta rasa mijinta, mahaifinta Umar da kansa ya je wurin Usman sannan wurin Abubakar yana yi mata neman miji. Ba su karɓa ba, abin ya sosa masa rai, daga baya Annabi (SAW) ya aure ta.

Batun haihuwa ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne jiran da bai dace ba ya fi cutarwa. Likitoci suna ba da shawarar ma'aurata su je a duba su idan sun yi wata 12 suna saduwa ba tare da tsarin iyali ba kuma ciki bai samu ba. In matar ta haura shekara 35, wata 6 ya isa, saboda ƙwayayen haihuwar mace suna raguwa da shekaru. Kuma su biyun za a duba. Sau da yawa matsalar daga namiji take ko daga su duka, gwajin maniyyi kuma yana cikin gwaje-gwaje mafi sauƙi, amma sai a bar mace ita kaɗai tana yawon asibiti shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa. Zuwa wurin likita ba ya rage tawakkali, Annabi (SAW) da kansa ya yi umarni da neman magani.

Akwai kuma kuskure na biyu, kishiyar na farko: mutum ya ɗora wa kansa abin gida na uku. Ya yi duk abin da ya kamata, amma yana kwana yana tuhumar kansa. Irin wannan ya tuna cewa zafin nema ba ya kawo samu. Annabi Yaƙubu (AS) ya haɗa miƙa wuya da nema, duka biyun. Ya ce haƙuri mai kyau, ya ce Allah kaɗai nake kai wa kukana, kuma bayan shekaru masu yawa shi ne ya ce wa 'ya'yansa ku tafi ku nemo labarin Yusufu da ɗan'uwansa, kada ku yanke ƙauna daga rahamar Allah.

Addu'ar da za ta ɗore

Mai dogon jira yana buƙatar addu'ar da zai iya riƙewa shekara da shekaru. Zaɓi lokaci ɗaya ko biyu daga lokutan da aka yi nuni da su: cikin sujada, tsakanin kiran salla da iƙama, ranar Juma'a, da sulusin dare na ƙarshe. Lissafin sulusin ba wuya. Ƙirga awoyi daga faɗuwar rana zuwa fitowar alfijir, ka raba uku. In magariba ƙarfe 6:30 ce, alfijir kuma ƙarfe 5:00, dare awa 10 da rabi ke nan, kowane kaso awa 3 da rabi, sulusin ƙarshe zai fara ƙarfe 1:30. Ba dole sai ka tashi a wannan lokacin ba. Wanda ya farka minti 30 kafin alfijir yana ciki, kuma wannan ya fi sauƙin ɗorewa ga mai aikin safe.

Fara da yabon Allah, ka yi salati ga Annabi (SAW), sannan ka ambaci buƙatarka da sunanta, da harshen da ka fi iyawa. Ka roƙa da yaƙini, domin an hana mutum ya ce "ka ba ni in ka so". Addu'o'in annabawa suna nan a Alƙur'ani, kowace da irin halinta. Annabi Musa (AS) ya isa Madyana ba gida ba aiki, ya ce: Rabbi inni lima anzalta ilayya min khairin faƙir, wato Ubangijina ni mabuƙaci ne ga duk alherin da ka saukar mini, sai ga aiki da aure sun zo masa tare. Annabi Zakariyya (AS) da tsufa ya cim masa ba ɗa ya ce: Rabbi la tazarni fardan wa anta khairul warisin, wato Ubangijina kada ka bar ni ni kaɗai, kai ne mafi alherin magada. Annabi Ayuba (AS) a cikin jinya ya ce cuta ta shafe ni, kai ne mafi rahamar masu rahama. Ka haɗa da yawan istigfari, wanda Suratu Nuhu ta danganta shi da ruwan sama da dukiya da 'ya'ya.

Abubuwan da ke lalata addu'a sanannu ne: cin haram, roƙon saɓo ko yanke zumunci, da gaggawa. An fassara gaggawar a hadisi da cewa mutum ya ce na roƙa na roƙa ban ga an amsa mini ba, sai ya gaji ya bari. Akwai wani salo nata da ya fi ɓoyuwa, wato ciniki da Allah. Mutum ya ɗauki tsayuwar dare ta kwana 40 yana sa ran gani a rana ta 41, da bai gani ba sai ya watsar da nafilar, wani har farilla ta fara kuɓuce masa. Suratul Hajji ta siffanta wanda ke bauta wa Allah a gefe-gefe: in alheri ya same shi ya natsu, in jarrabawa ta zo ya juya baya. Maganin wannan shi ne a rage yawan a tsawaita zaman. Raka'a biyu kullum sun fi raka'a ashirin da za a yi mako guda a watsar.

Ka kuma san cewa amsa ba fuska ɗaya gare ta ba. Ya zo a hadisin Abu Sa'idil Khudri cewa duk addu'ar da babu saɓo ko yanke zumunci a cikinta, ɗayan uku ne: a gaggauta wa mutum abin da ya roƙa, ko a ajiye masa zuwa lahira, ko a kawar masa da sharri gwargwadonta. Biyu daga cikin ukun nan ido ba ya ganin su, shi ya sa wanda ke auna karɓuwa da abin da ya shigo hannu kaɗai yake saurin karaya.

Ci gaba ko canza hanya

Wannan ita ce tambayar da ta fi wahala, kuma mutane da yawa suna ɗauka canza shiri rashin haƙuri ne. Ba haka ba ne. Umar (RA) yana kan hanyarsa ta zuwa Sham a zamanin halifancinsa, a wani wuri da ake kira Sarg aka sanar da shi annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru da dattawan Ƙuraishawa, ya yanke a juya. Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za a yi? Umar ya ce eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Raba buri da hanya. Burinka abin dogaro da kai na halal ne, aiki a wata ma'aikata guda hanya ce kawai. Burinki gida na natsuwa ne, wane ɗin da ya janye hanya ce. Ana riƙe buri da ƙarfi, a riƙe hanya sako-sako. Sa wa hanyar ranar bita, kamar bayan wata uku ko shida, ka rubuta ranar. Allah ba a sa masa wa'adi, dabararka kake sa wa. Idan ranar ta zo, tambayi kanka: akwai wani ci gaba ko da kaɗan ne? Abin da ya tare hanyar mai wucewa ne ko mai zama? Me jiran yake ci mini na lafiya, da dukiya, da haƙƙin iyali? Waɗanda suka san harkar me suke gani? In babu motsi sau biyu a jere, kuma masana sun ce ƙofar a rufe take, nemi wata.

Kafin ka yanke, yi shawara sannan ka yi istihara. Raka'a biyu ce ta nafila, bayan sallama ka karanta addu'ar da Jabir (RA) ya ruwaito, ka ambaci al'amarin a wurinsa. Kai da kanka za ka yi, kuma ba sharaɗi ba ne ka yi mafarki. Ka ci gaba da abin da hankali da shawara suka rinjayar, in ya sauƙaƙa ka bi, in ya toshe ka haƙura. Ƙarshen addu'ar roƙo ne cewa Allah ya ƙaddara maka alheri duk inda yake, sannan ya sa ka yarda da shi. Wanda ya yi istihara ya kuma ci gaba da dukan ƙofar da aka rufe, bai saurari abin da bakinsa ya roƙa ba.

A nan dole a faɗi wata gaskiya mai ɗaci. Ba kowane jinkiri ne ke ƙarewa da samu ba. Suratush Shura ta ce Allah yana ba wanda ya so 'ya'ya mata, ya ba wanda ya so maza, ya haɗa wa wani duka, ya kuma bar wanda ya so ba haihuwa. Nana A'isha (RA) ba ta haihu ba, wannan bai rage mata komai a wurin Allah ba, kuma ilimin da ta bari al'umma na cin moriyarsa har yau. Don haka kada ka ce wa mai jira "tabbas za ka samu", ba ka da wannan sanin. Ka ce masa Allah ba ya tozarta shi, wannan kam tabbas ne.

Kwanakin jira su ma rayuwa ce

Kada ka dakatar da rayuwa har sai abu ya zo. Annabi Yusufu (AS) ya yi shekaru a kurkuku yana kira zuwa ga tauhidi yana fassara wa abokan zamansa mafarki, kuma ta wannan hanyar ce sunansa ya kai kunnen sarki. Annabi Musa (AS) ya yi aikin ijara na shekara takwas ko goma a Madyana, daga baya Allah ya ce masa a Suratu Ɗaha: sannan ka zo a kan lokacin da aka ƙaddara, ya Musa. Ka tsayar da lokacin tashi da na kwanciya ko da babu inda za ka. Ka ware awa ɗaya ko biyu kullum don koyon abu guda da zai amfane ka ko burin ya cika ko bai cika ba. Ka yi tafiyar ƙafa ta minti 30. Ka ɗauki wata hidima da wani ke amfana da ita, domin wanda ake buƙata ba ya saurin jin shi ba kowa ba ne.

Waya tana ƙara wa mai jira ciwo, saboda kowa ranar farin cikinsa yake nunawa. In ka lura wani shafi yana bar maka ƙunci duk sanda ka duba, daina bin sa. An umarce mu da duban wanda ke ƙasa da mu a abin duniya don kada mu raina ni'imar da muke ciki. Idan hassada ta motsa da ka ji ƙaninka ko abokinka ya samu abin da kake nema, kada ka tsaya musun ta, yi masa addu'ar albarka da sunansa nan take, ka maimaita har zuciya ta sauka.

Masu tambayar "har yanzu shiru?" ba za su ƙare ba. Tanadi amsa guda gajera, kamar "muna kan nema, a taya mu da addu'a", ka sauya zance. Cikakken bayani na mutum biyu ne ko uku da ka amince da hankalinsu da riƙon sirrinsu. Annabi Yaƙubu ma ya hana Yusufu faɗa wa 'yan'uwansa mafarkinsa.

Dogon jira kuma yakan jawo masu sayar da gajeriyar hanya: boka, mai duba, mai takardun bogi, mai karɓar na goro ya sama maka gurbi, mai cewa kawo kuɗi a ninka maka cikin mako. Duk wanda ya yanka maka ranar da gaibu zai auku, ko ya ce biya yau-yau kafin dama ta wuce, ka nisance shi. Hadisi ya ce wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ba ta kwana 40. Ga asarar dukiya, ga kuma haram da za ta tare addu'ar da kake yi.

Idan baƙin ciki ya zama ciwo

Akwai inda damuwa take wuce abin da nasiha kaɗai za ta warkar. Idan mutum ya kai mako biyu ko fiye, kusan kullum yana cikin ƙunci, abin da yake jin daɗinsa da ya daina burge shi, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, cin abinci ya canza, ba ya iya tattara hankali, yana jin ba shi da amfani, to wannan alamun ciwon damuwa ne, kuma ana maganin sa. Ya ga likita, ya ci gaba da addu'arsa. Kada 'yan'uwa su ce masa raunin imani ne, wannan magana tana sa mara lafiya ya ɓoye halinsa har abin ya ta'azzara.

An hana mumini fatan mutuwa saboda wata cuta da ta same shi. In abin ya matsa, ga abin da aka koya masa ya ce: Allah ka rayar da ni matuƙar rayuwa ce ta fi mini alheri, ka ɗauki raina idan mutuwa ce ta fi mini alheri. Wanda kuwa ya fara tunanin cutar da kansa, ya faɗa wa wani a ranar, kada ya jira gobe. Wanda aka faɗa wa ya saurara ba tare da faɗa ko wa'azi ba, kada ya bar shi shi kaɗai, ya kawar da magunguna da duk wani abin cutarwa daga kusa da shi, ya raka shi asibiti mafi kusa.